Share maimaitattun layuka da rejeks: yadda ake yi, da inda dabarar ke gazawa

Tambayar da aka aiko min ita ce: "Ina da fayil ɗin rubutu mai layi kusan 20,000, jerin kalmomi ne da na tattaro daga wurare daban-daban, kuma da yawa sun maimaitu. Da Notepad++ nake aiki. An ce min da rejeks zan iya kwashe maimaicin a danna ɗaya. Na gwada wata ƙa'ida da aka ba ni, sai ta share wasu ta bar wasu. Wacce ce daidai?"

Malam, ba hannunka ne ya kuskure ba. Duk lokacin da mutum ya ce min "ta share wasu ta bar wasu", idan na duba sai in tarar ƙa'idar da aka ba shi ta layukan da ke manne da juna ce, shi kuwa maimaicinsa a warwatse yake, wani a layi na 12, ɗan'uwansa can a layi na 9,000. Aiki biyu ne daban, kuma rejeks (wato "regular expression", hanyar neman rubutu da ƙa'idar alamomi) ta ƙware a na farko, a na biyun kuwa da ƙyar take jan ƙafa. Dalili ɗaya ne: rejeks ba ta riƙe abin da ta riga ta wuce. Tana kama abu a hannu na ɗan lokaci, ta kwatanta shi da abin da ke gabanta, da ta gama wannan kamun sai ta saki ta manta. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi.

Bari mu fara da mai sauƙin. A ce ga abin da ke cikin fayil ɗinka:

```
gida
gida
gidaje
maigida
gida
```

Danna Ctrl+H, ka zaɓi "Regular expression" a ƙasan tagar, ka tabbata akwatin ". matches newline" babu alama a ciki. A wurin nema ka rubuta:

```
^(.+)(\R\1)+$
```

a wurin musanyawa kuma ka sa `\1` kawai, sannan "Replace All".

Ga abin da kowace alama ke yi. `^` na nufin farkon layi. `.+` na nufin harafi ɗaya ko fiye, kowane iri ne, har inda layin ya ƙare. Baka biyun da suka kewaye shi su ne hannun da ke kama abin, kuma kamun farko sunansa `\1`. `\R` shi ne karyewar layi, wato abin da ke shiga fayil idan ka danna Enter. To `\R\1` ma'anarsa: sauka layi na gaba, ka ga ko ainihin abin da ka kama ne ya sake zuwa. Alamar tarawar da ke bayan bakan ta ce a yi ta maimaita hakan, ko sau nawa ne. `$` kuma ƙarshen layi. Musanyawar ta ɗauke tarin duka ta ajiye kwafi ɗaya.

Mutane suna raina `^` da `$`, suna ganin ado ne. Bi injin da ke gudanar da rejeks ɗin a hankali ka gani. Ya kama "gida" a layin farko. Ya sauka na biyu, ya ga "gida", daidai. Ya sake sauka na uku, ya ga haruffa huɗun farko na "gidaje" su ma "gida" ne, sai ya karɓa. Nan ne `$` ke tsayar da shi: bayan waɗannan haruffa huɗu ba ƙarshen layi ba ne, akwai "je". Sai ya ja da baya taki ɗaya, ya tsaya a layi na biyu, inda ƙarshen layi yake da gaske. Da ka cire `$`, da ya haɗiye layi biyun farko da rabin na uku, ya mayar maka da "gida" a manne da ragowar "je". Ka ga kalmar "gida" ta ɓace daga saman jerin ke nan, ba tare da wani kuskure ya bayyana a allo ba. Haka `^` take tsare ɗaya gefen: in babu ita, injin zai iya fara kamu daga tsakiyar "maigida", ya ɗauki wutsiyar, ya ga ta yi daidai da "gida" na ƙasa, ya share shi. Irin wannan ɓarnar ce ta fi ciwo, domin shiru take yi.

Na zaɓi `.+` maimakon `.*` da za ka gani a wurare da yawa, kuma da gangan ne. Tauraro yana yarda da babu komai, don haka layin da ba rubutu shi ma ya zama "layi", kuma duk layukan da ba rubutu maimaicin juna ne. A jerin kalmomi wannan ba komai, amma a rubutu mai sakin layi zai mayar maka da layukan fanko da ke jere su koma ɗaya.

Bayan wannan musanyar, fayil ɗin misalinmu ya koma gida, gidaje, maigida, gida. Na ƙarshen yana nan daram, domin ba ya maƙwabtaka da na farko. Wannan shi ne abin da ya same ka.

Idan jerin da layukan suka zo a kai bai dame ka ba, to magana ta ƙare a nan: shiga Edit, Line Operations, ka jera layukan bisa haruffa, duk masu kama da juna za su taru wuri ɗaya, sai ka sake gudanar da ƙa'idar sama. Ga jerin kalmomi, wannan nake ba da shawara, kuma layi 20,000 ba zai ɗauki lokacin da za ka lura da shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan jerin yana da muhimmanci. Nan sai an yi amfani da abin da nake kira leƙen gaba, wato injin ya tsaya a inda yake, ya miƙa wuya ya duba ko wani abu na can gaba, ba tare da ya taka zuwa wurin ba. Ana rubuta shi da `(?=` a buɗe, a rufe da baka. Ƙa'idar ita ce:

```
(?-is)^(.+)\R(?=(?:.*\R)*?\1$)
```

wurin musanyawa kuma ka bar shi fanko.

Karanta ta da baki: kama layi sukutum har da karyewarsa, amma da sharaɗin cewa idan aka tsallake layuka, ko babu ko ɗaya ko dubu, za a tarar da irinsa sak ya cika layi guda. Abin da ke cikin leƙen ba ya cikin abin da za a share, shaida ce kawai. Shi ya sa injin, da ya gama da layin farko, yake ci gaba daga na biyu, ba daga can inda ya hango ɗan'uwan ba. `(?-is)` da ke farko kariya ce: `-s` na hana ɗigo tsallake karyewar layi ko da ka manta ka bar alama a akwatin nan, `-i` kuma na tilasta a bambanta babban baƙi da ƙarami. In ba haka ba, muddin "Match case" ba a kunne yake ba, "Gida" da "gida" abu ɗaya ne a wurinsa. Wani lokaci hakan kake so, to sai ka cire `i` ɗin daga bayan alamar ragewa ka mayar da shi gabanta. Abin dai ya zama kai ka yanke, ba akwatin da ka manta da shi ba.

Yanzu duba sakamakon a misalinmu: gidaje, maigida, gida. Kwafin ƙarshe ne ya tsira, ba na farko ba. Haka dole ta kasance, tunda layi yana mutuwa ne idan yana da magaji a gaba, wanda ba shi da magaji shi ke rayuwa. Yawancin mutane kuwa na farkon suke so a bari. Hankali zai ce to a juya, a yi leƙen baya. Sai dai injin da Notepad++ ke amfani da shi tun fitowar siga ta 6 a 2012, wato Boost, ba ya yarda da leƙen baya sai mai ƙayyadadden tsawo, mu kuwa ba mu san layi nawa ke tsakani ba. Injin JavaScript tun ƙa'idojin 2018 da na .NET sun yarda da leƙen baya mai kowane tsawo, amma wannan ba zai amfane ka a inda kake ba.

Dabarar da ake yi ita ce a kifa fayil ɗin. A Line Operations akwai "Reverse Line Order": juya layukan, gudanar da ƙa'idar, sake juyawa. Abin da ya zama na ƙarshe a kife shi ne na farko a miƙe. Akwai kuma wata ƙa'idar da ke barin na farko kai tsaye, `^(.+)$((?:\R.*)*?)\R\1$` a musanya da `\1\2`, amma ita tana cinye duk abin da ke tsakanin tagwayen biyu a kamu ɗaya, don haka maimaicin da ke cikin tsakiyar ya tsere mata a wannan zagayen. Sai ka yi ta danna "Replace All" har ya ce maka bai sami komai ba. Tana aiki, amma ban taɓa jin daɗinta ba, domin da wuya ka san zagaye nawa ya rage.

To ga maganar da ba a cika gaya wa mutane ba, ta nauyin aikin. Tunda rejeks ba ta tuna abin da ta gani, kowane layin da ba shi da tagwai sai an kwatanta shi da duk layukan da ke ƙasansa, har ƙarshen fayil, kafin a haƙura. Lissafin kusan rabin adadin layukan ne sau adadin. Layi 1,000 kwatanci kusan 500,000 ke nan, ba komai ba ne. Naka mai 20,000 ya kai wajen miliyan 200. Layi 100,000 kuwa biliyan 5. Ka ninka fayil sau goma, aikin ya ninku sau ɗari. Kuma ba jinkiri ne kaɗai matsalar ba: Boost yana da iyakar wahalar da yake yarda ya sha a kan nema guda, idan aka wuce ta sai ya ajiye aikin ya ba da saƙon kuskure. Alamar tambayar da na sa bayan tauraro a `*?` tana rage nauyin, domin tana sa injin ya tsaya a tagwai mafi kusa maimakon ya ruga ƙarshen fayil ya dawo da baya yana lalube. Amma ga layin da ba shi da tagwai, ba abin da za ta iya yi masa.

Wannan `\1` ɗin ma, in za a bi asali, baƙo ne a gidan. Lissafin da Stephen Kleene ya shimfiɗa a 1951, wanda Ken Thompson ya mayar da shi hanyar neman rubutu a kwamfuta a 1968, ba shi da waiwaye zuwa abin da aka kama. Shi ya sa ake iya gudanar da shi a wuce ɗaya ba ja da baya. Daga baya aka ƙara waiwayen, kuma da shi ne tabbacin saurin ya tafi. Saboda haka injinan da suka fifita sauri, irin RE2 na Google da na harsunan Go da Rust, suka ƙi karɓarsa a wurin nema sam. Idan wata rana ka liƙa wannan ƙa'idar a wata manhaja ta ce maka ba ta gane ba, kafin ka zargi kanka ka bincika ko irin wannan injin ne a cikinta.

Shi ya sa, ga layuka sukutum da ke warwatse, ni ba na ɗaukar rejeks. Sigogin Notepad++ na yanzu suna da "Remove Duplicate Lines" a cikin Line Operations ɗin nan, yana barin kwafin farko, ba ya taɓa jeri. Kusa da shi akwai "Remove Consecutive Duplicate Lines", wanda shi na manne da juna kawai yake kwashewa, kada ka rikita su. VS Code yana da umarnin "Delete Duplicate Lines", Sublime Text yana da "Unique" a ƙarƙashin Permute Lines, Emacs yana da `delete-duplicate-lines` tun siga ta 24.4, Vim kuma `:sort u` yana jerawa ya tace a lokaci guda. Idan ka koma VS Code da rejeks ɗin, ka tuna bai san `\R` ba, `\n` za ka sa, a wurin musanyawa kuma `$1` ne ba `\1` ba.

Wanda na fi so duka, musamman idan fayil ya yi girman da edita ke nishi kafin ya buɗe shi, shi ne awk, ƙaramin harshen da Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙirƙira a Bell Labs a 1977:

```
awk '!gani[$0]++' tsoho.txt > sabo.txt
```

`$0` shi ne layin da ake kai. `gani` kundi ne da ke ajiye kowane layi da adadin zuwansa. Karon farko adadin sifili ne, alamar motsin rai ta juya shi ya zama "eh", sai a buga layin, sannan `++` ya ƙara ɗaya. Karo na biyu adadin ba sifili ba ne, sai a yi shiru. Wato awk yana da ainihin abin da rejeks ta rasa, ƙwaƙwalwa, don haka sau ɗaya yake bi ta kan fayil. Yana nan a Linux da macOS, a Windows kuma yana zuwa tare da Git Bash ko WSL. Gargaɗi ɗaya: kada ka sa sunan fayil ɗaya a hagu da dama na alamar `>`. Tagar umarni tana wofintar da fayil ɗin da za a rubuta wa tun kafin awk ya karanta harafi ɗaya, sai ka wayi gari da fayil fanko. Idan daga cikin Vim za ka kira shi, ka sa `\` kafin alamar motsin rai ta cikin umarnin, in ba haka ba Vim zai ɗauka umarnin da ya gabata kake nufi. Tsohon umarnin `uniq` kuwa halinsa irin na ƙa'idarmu ta farko ne, maƙwabta kawai yake gani, shi ya sa kullum za ka gan shi a bayan `sort`.

Akwai wani dalilin da ke sa "ta bar wasu", wanda ba ruwansa da ƙa'idar da ka zaɓa, kuma tunda ka ce daga wurare daban-daban ka tattaro, ina kyautata zaton zai same ka. Layi biyu na iya zama iri ɗaya a idonka amma daban a wurin kwamfuta. Mafi yawa sarari ne da ya maƙale a ƙarshen layi. Kafin komai, nemi `\h+$` ka musanya da babu, ko ka yi amfani da "Trim Trailing Space" a Blank Operations. Sai karyewar layi: Windows na sa alama biyu, CR da LF, Linux da macOS na sa LF kaɗai, fayil ɗin da aka harhaɗa kuwa sai ka same shi da duka biyun a gauraye. `\R` na Notepad++ yana karɓar kowanne, amma awk zai ɗauki CR a matsayin harafin ƙarshe na layin, sai "gida" mai CR da "gida" marar CR su zama baƙin juna. Kunna "Show All Characters" a ƙarƙashin View ka gani da idonka, sannan ka daidaita su da EOL Conversion. Akwai kuma sararin da ba ya karyewa, mai lamba U+00A0, wanda ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet. Haka haruffa masu alama a ka: é na iya zama harafi guda, ko e da alamarta a matsayin abu biyu, a allo kuwa ba za ka taɓa bambancewa ba. A rubutunmu ma, wani ya buga ƙ, wani ya buga k', wani k tsurarta. Wannan na ƙarshen ba wata na'ura da za ta yanke maka hukunci, domin "kafa" da "ƙafa" ba kalma ɗaya ba ce.

Inda rejeks ke biyan kuɗin sabulu da gaske shi ne idan ba layin duka ne ma'aunin ba, wani yanki ne nasa. A ce kowane layi lamba ce, waƙafi, sai bayani, kana son layi ɗaya ga kowace lamba ko da bayanin ya bambanta. Maɓallan da ke cikin edita ba za su taimake ka ba, tunda layukan ba iri ɗaya ba ne. Amma wannan zai yi:

```
(?-s)^([^,\r\n]+),.*\R(?=(?:.*\R)*?\1,)
```

Abin da ke gaban waƙafin farko kaɗai aka kama, kuma waƙafin da ke bayan `\1` shi ke yin aikin da `$` ta yi ɗazu, ya hana 12 ta yi daidai da 123. Nan barin kwafin ƙarshe ma yakan zama alheri, domin a fayil ɗin da ake ƙara bayani a ƙasa, na ƙarshen shi ne sabo. A awk kuwa `awk -F, '!gani[$1]++'` ne, mai barin na farko. Duka biyun za su ruɗe idan akwai waƙafi ko karyewar layi a cikin alamar zance a tsakiyar bayanin. Irin wannan fayil ɗin sai manhajar da ta san tsarin CSV, wato fayil ɗin da ake raba bayanansa da waƙafi.

Kafin ka danna "Replace All" a kan kowace daga cikinsu, ka adana kwafin fayil ɗin, sannan ka duba abin da za a share. Ba kowane maimaici ne shara ba. Na taɓa gudanar da irin wannan tacewar a kan fayil ɗin saitin wata manhaja, ina son kwashe layuka uku da suka maimaitu, sai ta tafi da duk bakan rufewa da ke tsaye su kaɗai a layinsu, ta bar guda ɗaya tal. Garin neman gira na kusa rasa ido, Ctrl+Z ne ya cece ni. Tun daga ranar, a Notepad++ shafin "Mark" nake fara buɗewa, in sa alama a "Bookmark line", in nema da wannan sigar da ba ta haɗa da karyewar layin ba:

```
(?-is)^(.+)$(?=\R(?:.*\R)*?\1$)
```

Kowane layin da zai tafi zai sami ɗigo a gefensa, ƙasan tagar kuma zai gaya maka adadinsu. F2 na kai ka daga wannan zuwa wancan. Idan ka gamsu, ka shiga Search, Bookmark, "Remove Bookmarked Lines". Ka rubuta adadin layukan kafin da bayan. Abin da ya ragu dole ya yi daidai da adadin da aka yi wa alama.

Ga fayil ɗinka kuwa, ga yadda zan bi da shi: in gyara sararin ƙarshen layi, in daidaita karyewar layi, in yanke shawara kan babban baƙi da ƙarami, sannan in danna "Remove Duplicate Lines". Idan sigarka tsohuwa ce ba ta da shi, ka jera layukan ka yi amfani da ƙa'idar farko.